Yadda ake gwada gubar ruwa da ƙananan halittu masu rai

Na'urar awon sinadarai abin da ka tambaye ta kaɗai take faɗa maka. Ka ce ta nemo dalma, za ta nemo dalma, amma maganin ƙwari ko wani sinadarin masana'anta da bai zo maka a rai ba zai wuce salin-alin. Shi ya sa idan ana son sanin ko ruwan kogi, ko wanda ya fito daga matatar ruwan datti, yana cutarwa, sai a saka masa abu mai rai a ga yadda za su kwashe. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su ita ce Daphnia magna, 'yar mitsitsiyar halittar ruwa dangin jatan lande, mai jiki garau har ana hango bugun zuciyarta a madubin likita.

Fara da ɗebo ruwan. Ka sami kwalba mai tsabta, ka ɗauraye ta da ruwan da za ka gwada, ka cika ta fal ba tare da barin iska ba, ka rubuta wuri da lokaci, ka sa ta cikin ƙanƙara. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade a fara gwaji cikin awa 36, domin wasu gubobin suna tashi ko su rikiɗe idan ruwa ya jima a ajiye.

Kafin ka taɓa halittun, auna tsamin ruwan da gishirinsa da yawan iskar oksijin. In ruwan matata ne, duba ragowar kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Nan mutane da yawa suke tuntuɓe: kulorin ɗan kaɗan ya isa ya kashe Daphnia, sai a ɗora laifin kan wata guba dabam.

Sai tsarmawa. Kaso na farko ruwan ne zallansa, sannan ka riƙa raba ƙarfinsa biyu da ruwan gwaji mai tsabta: kashi 50 cikin 100, sai 25, sai 12.5, sai 6.25. Ka ware kaso guda na ruwa mai tsabta kawai, shi ne ma'auninka. Kowane kaso yana buƙatar 'ya'yan Daphnia 20 waɗanda ba su cika awa 24 da haihuwa ba, biyar-biyar a kofuna 4. Da bututun ɗiga mai faɗin baki ake ɗaukar su, a sake su a hankali ƙarƙashin ruwa, don idan iska ta maƙale a ɓawonsu sai su tsaya a sama suna yawo. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 18 da 22, kuma ba a ba su abinci har a gama.

Bayan awa 24 ka leƙa, ka sake leƙawa a awa 48. Girgiza kofin kaɗan ka jira daƙiƙa 15. Duk wadda ta kasa iyo, ko da tana ɗan motsa ƙahonninta, a lissafa ta cikin waɗanda suka sandare. Daga alƙaluman nan ake fitar da EC50, wato ƙarfin ruwan da ya sandarar da rabinsu. Ƙanƙantar lambar ita ce girman gubar.

Ni dai kofunan ma'auni nake fara dubawa kafin komai. Idan fiye da kashi 10 cikin 100 suka sandare a ruwa mai tsabta, gwajin ya lalace, komai kyan sauran sakamakon; a zubar a sake. Haka kuma lokaci-lokaci a gwada halittun da sinadarin potassium dichromate, wanda an san ƙarfinsa, don a tabbatar ba su yi laushi ko tauri fiye da kima ba.

Halitta ɗaya ba ta isa shaida ba. Maganin kashe ciyawa zai iya barin Daphnia lafiya lau amma ya hana gansakuka girma, don haka ake haɗawa da gwajin gansakuka na awa 72, ko na ƙwayoyin bakteriya masu haske, waɗanda haskensu ke dusashewa cikin minti 30 idan akwai guba. Inda kayan aiki suka yi ƙaranci, ana jera albasa a bakin kwalabe masu ɗauke da ruwan da ake gwadawa da kuma ruwa mai tsabta, a kwatanta tsawon saiwarta bayan kwana 3 ko 4. Idan kuwa ba abin da ya sandare cikin awa 48, a wuce zuwa gwajin haihuwa na kwana 21, inda ake ƙirga 'ya'yan da kowace uwa ta haifa, domin wata gubar ba ta kisa nan take, zuriya take ragewa.