Yadda na gyara lissafin mai kafin hawa hanyar Dempster

Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin farkon hanyar Dempster, kusa da Dawson a arewacin Kanada, da Eagle Plains, zangon gaba da ake samun mai: kusan kilomita 370, babu gidan mai ko ɗaya. Motata mai ɗakin kwana tana shan lita 14 a kilomita 100 a kan kwalta, tankinta lita 75. A takarda ya isa, a aikace bai isa ba.

Hanyar tsakuwa ce, ga hawa da gangara, ga laka in an yi ruwa. Don haka na mayar da lissafin lita 18 a kilomita 100, wato kusan lita 67 a duk tafiyar. Sai kuma hitar ɗaki, wadda ke zuƙar dizal daga tankin nan. Bututunta ba ya kaiwa ƙasan tanki, mai na sauka kusan rubu'i za ta mutu cikin sanyin dare.

Gyaran da na yi: jarkar ƙarfe biyu masu lita 20, na ɗaure su a waje, bayan mota, ba cikin ɗaki ba saboda tururin mai. A cika tanki fal a Dawson. Jarka ɗaya a juye ta a tanki kafin kwanciya, ɗayar kuma a ajiye ta don ranar da aka rufe hanya.