Yadda ake amfani da tashar jirgin ƙasa ta Woking

Woking gari ne a yankin Surrey na ƙasar Ingila, mai tazarar kimanin kilomita 39 daga tashar Waterloo ta birnin Landan, kuma dimbin mazaunansa a nan suke kwana amma a Landan suke neman abinci. Duk baƙon da ya sauka a garin, ko don karatu ko don ziyarar dangi, da wuya ya yi kwana biyu bai bi ta tashar jirgin ƙasa ba, saboda haka yana da kyau ya san kanta tun kafin ya tsaya gaban allon sanarwa yana ɗaga kai.

Tashar ta girmi garin da ke kewaye da ita. An buɗe ta ranar 21 ga watan Mayu na 1838 da sunan Woking Common, a tsakiyar wani fili da babu kowa, nesa da tsohon ƙauyen Woking, lokacin da ake shimfiɗa dogo daga Landan zuwa Southampton. A 1845 aka fitar da reshe zuwa Guildford, sai ta zama mahaɗar layuka, mutane suka yi ta sayen filaye a gefenta har sabon gari ya kafu. An haɗa layin Portsmouth da lantarki a 1937, kuma ginin da ake gani yanzu na zamanin ne. Wannan tarihi shi ya sa jiragen da suka fito daga Portsmouth, da Southampton, da Weymouth, da Exeter, da Alton suke ratsa ta nan, kuma shi ya sa mai zuwa Landan ba ya daɗewa yana jira.

Abu na farko shi ne tikiti. Katin Oyster da ake biyan kuɗin jirgi da bas da shi a cikin Landan ba ya aiki a Woking, domin garin yana wajen iyakar da aka shata wa katin. Ana sayen tikiti a wurin mai sayarwa, ko a na'urar da ke bakin ƙofa, ko ta wayar hannu. Wanda ba dole ne ya fita da sassafe ba, ya haƙura har cunkoson ma'aikata ya wuce, ya sayi tikitin Off-Peak, wanda ya fi araha ƙwarai. Idan kuma zai yi zirga-zirga a Landan da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas, to tikitin Travelcard na yini guda, wanda ya haɗa su duka, ya fi dacewa. Kada a yar da tikiti bayan an shiga, domin da shi ake buɗe ƙofar fita a Waterloo, kuma tarar wanda aka kama ba shi da tikiti fam 100 ce, ban da kuɗin tafiyar.

Inda na fi so mai karatu ya natsu shi ne wurin zaɓen jirgi, domin nan ne baƙi suka fi yin asarar lokaci. Jirage biyu za su iya fitowa a allo, kowanne an rubuta masa London Waterloo, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Mai sauri ba ya tsayawa ko'ina, ko kuma ya tsaya a Clapham Junction kaɗai, kuma cikin minti 25 zuwa 30 ya isa. Ɗayan kuwa sai ya bi ƙananan tashoshi ɗaya bayan ɗaya, West Byfleet, da Weybridge, da Walton-on-Thames, da Surbiton, har tafiyar ta kusa ninkawa. Saboda haka a karanta jerin tashoshin da ke gudana a ƙarƙashin sunan, kada a yi gaggawar faɗawa jirgin da aka tarar a tsaye. Sau da yawa wanda ya jira minti goma ya hau mai sauri yakan riga wanda ya tashi kafin shi isa.

Dandamali shida ne a tashar. Jiragen Landan masu sauri galibi a na 1 da na 2 suke tsayawa, masu nufar kudu da yamma kuma a na 4 da na 5. Na 3 yana can ƙarshen tashar ta ɓangaren Landan, sai an ɗan taka kafin a kai gare shi, mai kaya da yara ya ba kansa lokaci. A wajen dawowa kuma a duba allon Waterloo da kyau, domin sunan tashar ƙarshe ake rubutawa da manyan baƙaƙe, Woking tana cikin jerin da ke ƙasa.

Kamfanin South Western Railway ne ke gudanar da jiragen, kuma ya koma hannun gwamnati a watan Mayu na 2025. Idan jirgi ya makara da minti 15 ko fiye, fasinja yana da haƙƙin neman a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa ta shafin kamfanin na intanet, muddin ya adana tikitinsa.

Musulmin da ya taho daga Landan ya zauna a ɓangaren hagu na tarago idan yana fuskantar inda jirgin ya nufa, domin dab da isa tasha zai hango koriyar ƙubbar Masallacin Shah Jahan, wanda aka gina a 1889, masallaci na farko da aka gina musamman don salla a Birtaniya. In yana son zuwa, ya fita ta ƙofar kudu, ya kama titin Oriental Road ya miƙe gabas, tafiyar kamar minti goma sha biyar ce a ƙafa.