Yadda Ake Sayayya da Sabon Katin Bashi na Kanti Kafin Ya Iso ta Gidan Waya

A Amurka, manyan kantuna irin su Target, Macy's, Home Depot da Amazon suna da katunan bashi masu ɗauke da sunansu, kuma sau da yawa mai karɓar kuɗi a kanta shi ne zai yi wa mutum tayin ya nemi katin nan take domin a rage masa farashi. Amsar takan fito cikin 'yan mintuna, amma katin kansa yakan ɗauki kwanakin aiki 7 zuwa 10 kafin ya faɗo akwatin wasiƙa. A tsakanin nan asusun a buɗe yake, ana kuma iya sayayya da shi.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ba kantin ne ke bayar da bashin ba, banki ne ke bayansa. Synchrony ne ke bayar da katin kantin Amazon da na Lowe's, Citibank ke riƙe da na Home Depot da Macy's, TD Bank kuma na Target. Saboda haka, duk wata tambaya kan lambar asusu ko iyakar kuɗin da aka yarda a kashe, bankin za a kira, domin ma'aikacin kanti ba shi da ikon warware ta.

Wanda ya nemi katin a cikin kanti, kada ya bar kanta sai ya tambaya ko akwai takardar sayayya ta wucin gadi. Kantuna da dama suna buga ta kamar rasit, tana aiki na ɗan lokaci kaɗan, kuma ranar ƙarewarta na rubuce a jiki. A adana ta kamar yadda ake adana tsabar kuɗi. Idan ta ɓata ko wa'adinta ya cika, wasu kantunan sukan nemo asusun a na'urarsu idan aka nuna lasisin tuƙi ko wani katin shaida mai hoto, sannan mai asusun ya danna lambarsa ta Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bai wa mutum, da hannunsa. Kada a taɓa furta wannan lamba da baki ga jama'a na tsaye a layi.

Ta intanet abin ya fi sauƙi. Amazon yakan saka sabon katin cikin hanyoyin biyan kuɗi na asusun mutum da zarar an amince, a Target kuwa ana haɗa katin da manhajar kantin a waya, a nuna wayar wajen biya. Idan lambar asusun ta bayyana a allo bayan amincewa, a rubuta ta a wuri mai tsaro, domin ba lallai ta sake bayyana ba. A lura kuma cewa katin da ba ya ɗauke da tambari irin na Visa, Mastercard ko American Express galibi a wannan kanti kaɗai yake aiki.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne yadda rashin ganin kati a hannu ke sa mutum ya manta cewa ya ci bashi. Lissafi yana farawa ne daga ranar da aka yi sayayyar farko, ba daga ranar da ambulan ya iso ba. Kuɗin ruwan waɗannan katuna yana da tsada ƙwarai, galibi kusan kashi 30 cikin 100 a shekara, wani lokaci ma fiye da haka. Dokar katunan bashi ta 2009 ta wajabta wa banki ya aiko da takardar lissafi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya, kuma a bisa al'ada wanda ya biya dukkan abin da ake binsa kafin wannan rana ba a ɗora masa ruwa. Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a yankin Bronx na birnin New York da sauran biranen ƙasar, waɗanda ke gudun riba saboda addini, wannan batu ne da ba a wasa da shi. Shawarata ita ce, a ranar da aka amince, a buɗe asusun intanet na bankin, a duba ranar biya, a kuma saita biyan cikakken kuɗin kai tsaye daga asusun ajiya.

Akwai wani tarko a tayin da ake cewa babu ruwa har wata 6 ko 12 kan manyan kaya kamar firji ko katifa. A yawancin katunan kanti jinkirta ruwan kawai ake yi, ba yafe shi ba. Idan wa'adin ya cika da sauran ko da dala ɗaya, za a lissafo ruwan tun daga ranar sayayya a ɗora shi gaba ɗaya. Haka nan, iyakar kuɗin sabon kati takan kasance ƙarama, kuma cinye ta a sayayya ɗaya yana iya rage makin amanar bashi na mutum, wato makin da bankuna ke dubawa kafin su ba shi bashi, don haka ya fi kyau kada a wuce kashi 30 cikin 100 nata.

Idan mako biyu suka wuce katin bai iso ba, a kira bankin a tabbatar da adireshin, musamman lambar ɗaki ga masu zama a manyan gidajen haya, a nemi a soke na farkon a aiko da wani. Da ya iso, a kunna shi ta lambar wayar da ke manne a jikinsa ko ta manhajar bankin, a yayyage takardar wucin gadin, sannan a gwada rasit ɗin da aka tara da abin da ke cikin lissafin farko.