Kurakuran da ke toshe injin ƙullun takarda, da yadda ake gyara su

Masu sarrafa tsohon kwali a Yamai, musamman masu yin kwalin zuba ƙwai, sun san ba abin da ke cinye musu wuni kamar toshewa. Famfo na kuka amma ba ya turawa, ko mazubi, wato abin da ke ba ƙullu siffar kwalin, ya fara fitar da kaya mai huji, sai a tsaya ana kwance bututu. Galibi inda aka ga toshewar nan ne kawai matsalar ta fito fili. Asalinta yana can baya, a wurin zaɓen takarda, ko awon ruwa, ko yadda aka kashe inji jiya da yamma. Dokar ɗaya ce ga ƙaramin wuri da babbar masana'anta.

Kuskure na farko shi ne zuba kwali a tukunyar dama yadda aka kawo shi daga kasuwar Katako ko ta Wadata. Kwalin kasuwa yana zuwa da salatif, leda, igiyar roba, ƙusoshin ɗinki da yashi mai yawa, balle wanda ya kwana a ƙasa lokacin hunturu. Leda da igiya ba sa narkewa. Suna murɗewa su zama damtse, su naɗe farfela. Yashi da ƙarfe kuwa suna kwanta a gwiwar bututu, suna cin farfelar famfo a hankali. A ajiye kwali a kan katako, a rufe shi, a sa mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan: ɓare salatif, cire ƙarfe, kakkaɓe yashi. Kwali mai kaki, takarda mai shimfiɗar leda, da takardar da aka yi don ta jure jiƙa, duk a ware su gefe, don ba sa wargajewa a lokacin da sauran ke wargajewa. Manyan masana'antu suna sakin igiya a cikin tukunya don leda ta naɗe ta a riƙa jawowa waje, suna kuma da aljihun tara ƙarfe a gindinta. Mai ƙaramin inji zai iya sa rariya mai huji milimita 3 zuwa 6 a mafita, da ƙaramin rami kafin famfo inda yashi zai kwanta. Amma ramin nan sai ana kwashe shi kullum, in ya cika amfaninsa ya ƙare.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma muka fi son a natsu a kansa, shi ne awon kauri da ido. Ana son a gama da wuri, sai a ƙara buhu ɗaya a kan wanda aka saba. Irin tukunyar da ƙananan wurare ke amfani da ita tana aiki sosai ne idan takarda ta kai kashi 4 zuwa 5 cikin 100, wato kilo 40 zuwa 50 na busasshen kwali a kusan lita 1,000. Da zarar kauri ya haura kashi 6, famfo na gama-gari ya fara wahala: zaruruwa sun kama juna, iska ta maƙale a ciki, farfela na juyawa a rami ɗaya ba ta jan komai. A tankin da mazubi ke tsoma kai kuwa, kauri kusan kashi 1 ake so. Ke nan ƙullu mai kashi 4 sai a ba shi ruwa ninki uku.

Gwajin ba wuya. Ɗebi lita ɗaya, tace a ƙyalle, matse, shanya har ya bushe ƙarau, sannan ka auna. In ka sami giram 40, kana kan kashi 4. Yi haka ƴan kwanaki, sai ka yi alama da fenti a jikin tukunya inda ruwa zai tsaya, ka kuma sa sikeli kusa da ita. Ruwa ake fara zubawa, a tada farfela, sannan takarda ta biyo kaɗan-kaɗan. Kafin ka buɗe mafita, saka cokali ɗaya na ƙullu a kwalbar ruwa ka girgiza. In ka ga ɓarɓashin takarda na yawo, damu bai yi ba, ƙara masa lokaci. Ɓarɓashin nan shi ne ke like rariya.

Sai shimfiɗar bututu, wadda sau da yawa ake barin mai aikin ruwan gida ya yi ta yadda ya saba. Ƙullu ba ya son gwiwa mai kaifi, a sa mai lanƙwasa a hankali. Ba ya son reshen da aka toshe bakinsa, don a nan yake zama ya tsane. Bawul mai wuƙa da ke sauka ta yanke ƙullu ya fi dacewa da shi, farfelar famfo kuma buɗaɗɗiya. Wasu suna ganin faɗin bututu shi ne maganin toshewa, alhali in ya yi faɗi da yawa gudu na raguwa, zare da yashi su kwanta. Ga ƙullu mai ruwa-ruwa, a nemi gudun mita 1 zuwa 2 a daƙiƙa. Kada kuma a rage gudu ta hanyar matse bawul ɗin da ke gaban bakin shan famfo. A ɓangaren fita ake ragewa.

Kashe inji da ƙullu a cikin bututu kuskure ne mai tsada. Ruwa na tsiyayewa, zare ya dunƙule kamar tuwon da ya kwana. Kafin a tashi aiki a tura ruwa zalla har sai ya fito fari a ɗaya bakin. Tun da yanke kuran abu ne da aka saba da shi a watannin zafi, a ɗora tankin ruwa a sama, a haɗa shi da layin ƙullu, a sa mafita a wuri mafi ƙasa. Wuta na ɗaukewa, sai a rufe tankin ƙullu, a buɗe ruwa, nauyinsa ya wanke layin. In wuta ta dawo, kada a tada famfo a kan dunƙule.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana kawo tasa matsalar. Ƙullun da ya kwana yana tsami, ƙwayoyin cuta su yi yauƙi a bangon tanki, yauƙin ya ɓalle ya toshe ragar mazubi. Manne na salatif ma yana laushi da zafi, ya bi ta rariya, ya je ya liƙe a raga. A dama iya abin da za a cinye a ranar, a wanke tankuna duk mako. Ruwan da ake sake juyawa a tace shi, a riƙa sabunta wani kashi. Ruwan kogi na damina jajawur yake da laka, sai an bar shi ya kwanta. Ruwan foraj mai alli kuma yana barin farin ɓawo.

Raga ana wanke ta da ruwa mai ƙarfi a ƙarshen kowane aiki tun tana da danshi. Kada a sosa ta da waya, hujin zai buɗe. Kada a jiƙa mazubin alminiyam a soda, tana cin sa.

Toshewa tana sallama kafin ta shigo: yawan wutar da inji ke ja ya canja, matsin da ke gaban rariya ya hau, sautin famfo ya koma kamar yana tauna tsakuwa. A rubuta awon lafiya a jikin allo don ma'aikaci ya gane bambanci. In kuma ta kama a sa hannu, a yanke wuta, a sa kwaɗo, makulli ya zauna a aljihun mai aikin, a sauke matsin bututu kafin a kwance noti. Tankin da ƙullu ya ruɓe a ciki yana tara iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana iya kayar da mutum nan take. Sai an kwashe shi, an wanke, an ba shi iska sosai, kuma da wani tsaye a baki, sannan a shiga.