Yadda Zaka Gane Ko Mai Binciken Tsakuwar Ƙoda Yayi Tasiri da Gaske

Idan kana ɗalibin likitanci kana neman wanda zakayi bincike a ƙarƙashinsa, ko kuma an ce maka wane babban farfesa ne a harkar tsakuwar ƙoda kana so ka tabbatar da kanka, toh ga hanyar da ni nake ganin tafi dacewa.

Fara da rubuta sunansa a Google Scholar da PubMed, shafukan intanet na neman takardun bincike. A Google Scholar zaka ga sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinsa, sannan akwai wata lamba da ake kira h, wadda wani masanin fiziks Jorge Hirsch ya kawo a 2005. Idan h ɗin mutum 30 ce, yana da takardu 30 da kowacce aka ambata aƙalla sau 30. Amma don Allah kar ka tsaya nan, saboda mutum na iya ambaton kansa a takardunsa, wanda ya shekara 30 yana rubutu kuma dole ya fi matashi lamba ko da matashin ya fishi kaifin aiki. Duba kuma inda sunansa yake a jerin marubuta, na farko shi yafi shan wahalar aikin, na ƙarshe yawanci shine ogan da ya jagoranta, na tsakiya cikin mutum ashirin kuwa wani lokacin majinyata kawai ya haɗo.

Tambayar da tafi komai nauyi a wurina itace, me ya canza a jikin mara lafiya saboda aikin nan? Ɗauki Christian Chaussy na birnin Munich a Jamus. Kafin 1980 yawancin wanda tsakuwa ta maƙale masa sai an tsaga gefen cikinsa, ya kwanta kwana da kwanaki da ɗinki. A Fabrairun 1980 shi da abokan aikinsa suka fara farfasa tsakuwa a jikin ɗan adam daga waje da bugun igiyar sauti mai ƙarfi, da na'urar kamfanin Dornier, ba wuƙa, tsakuwar ta dagargaje ta fito a fitsari. A shekarar suka buga sakamakon a mujallar Lancet, zuwa 1984 Amurka ta amince da na'urar. Wannan shine tasiri, ko baka ƙirga ambato ɗaya ba ka ganshi da ido.

Kuma ba sai da na'ura mai tsada ba. Loris Borghi a Parma ta Italiya ya bi mutum 199 da suka fara yin tsakuwa har shekara 5, rabi aka sa su shan ruwa sosai yadda fitsarinsu zai wuce lita 2 a rana, rabi aka barsu yadda suka saba. A 1996 sakamako ya fito, kashi 12 ne tsakuwa ta dawo musu a masu shan ruwa, ɗayan ɓangaren kashi 27. Mu da muke fama da zafin Maris da Afrilu wannan binciken ya shafe mu kai tsaye wallahi. A 2002 ya sake nuna cewa rage gishiri da nama tare da cin kalsiyom (sinadarin da ke cikin madara) yadda aka saba yafi hana dawowar tsakuwa akan yanke kalsiyom ɗin, alhali da can likitoci hana mutane madara suke.

Toh yaya zaka gano irin wannan? Buɗe ƙa'idojin magani na ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ko ta Amurka, suna intanet kyauta, ka shiga sashen tsakuwa ka duba ko aikinsa na cikin waɗanda aka dogara dasu. Sannan ka karanta takardunsa uku da aka fi ambato, ka ga mutum nawa aka gwada, an raba su rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a ko kuwa labarin majinyatan asibiti ɗaya ne kawai, shekara nawa aka bi su, waye ya biya kuɗin binciken, musamman in na'urar wani kamfani ake yabo.

Ka nemo kuma ko wasu a wata ƙasa sun maimaita gwajin sun samu abu ɗaya. Maganin tamsulosin an daɗe ana bada shi don tsakuwa ta fito da kanta bisa ƙananan bincike, sai babban gwajin da akayi a Birtaniya kan mutum sama da 1,100 ya fito a 2015 bai ga amfani ba gaba ɗaya, daga baya wasu nazarce-nazarcen suka nuna yana taimakawa a tsakuwa mai ɗan girma da ta sauko kusa da mafitsara. Don haka a Google Scholar ka danna wurin waɗanda suka ambaci takardar, ka karanta na shekarun baya-bayan nan ka ga ko goyon baya suke ko musu.