Yadda na gyara: mota ta kafe a dusar ƙanƙara, inji ya ƙi jan wuta

Alhamdulillahi, ta fita. A Winifeg ta Kanada nake, mota ta kafe a bakin gida. Ina taka totur har ƙasa, amma inji sai ya rage ƙarfi, allurar da ke nuna juyin inji ta ƙi wuce 2,000.

Na zargi famfon mai da fulogi. Amma da na sa giya a N, wato firi, na taka, inji ya ɗauka garau. Matatar iska ma a bushe take.

Ashe na'urar hana santsi ce. Duk sanda taya ta juya a banza, ita ke rage wa inji ƙarfi. Alamarta ƴar fitila mai hoton mota da layuka karkatattu, tana ta ƙyaftawa.

Na fara haƙe bakin salansa da shebur, domin idan ya toshe hayaƙin na iya kashe mutum a cikin mota. Na share gaban tayoyin gaba, na zuba yashi. Na danna maɓallin na'urar na kashe ta, na miƙar da sitiyari, na sa giya ta 2. Totur kaɗan-kaɗan, gaba, ribas, gaba, sai ta haye.

Ina hawa titi na sake kunna na'urar. Na gode wa maƙwabcina da ya tura.