Yadda wanki ke cinye ƙyallin sabuwar mota

Mutum zai sayi mota baƙa wuluk tana sheƙi, ba a rufa wata biyu ba, ya tsayar da ita cikin rana sai ya ga siraran zane-zane sun kewaye hasken a kan bonet kamar saƙar gizo-gizo. Nan da nan a ɗora wa dillali laifi. Alhali galibi a gida aka yi ɓarnar, wajen wanki da guga.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A saman launin akwai wani shafi garau mai ba da ƙyalli, kaurinsa bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai ma kai silin gashi ba. Shi ne ke karcewa, kuma baƙar mota da shuɗiya mai duhu sun fi nuna tabon.

Babban kuskure shi ne gugar safe. Gari ya waye mota ta yi futu-futu da ƙurar hunturu, sai maigadi ko yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma ya bi ta da guga, shi a ganinsa kyautatawa yake yi. Wannan ƙura da iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na Chadi, cike take da ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi fentin tauri nesa ba kusa ba. Duk jan tsumma ɗaya, ana jan yashin ne a kan fenti. Kada komai ya taɓa jikin motar sai an kwarara mata ruwa daga sama zuwa ƙasa, ƙurar ta sauka. In babu ruwa, a bar ta da ƙurarta. A gaya wa mutanen gida wannan ɓaro-ɓaro, domin su ne ke tashi kafin mai motar.

Sai kuskure na biyu, wanki da bokiti ɗaya. A tsoma soso, a goge ƙasan ƙofa, a mayar cikin ruwan, a ɗebo yashin a kai kan rufi. Bokiti biyu ake so: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soson kafin a sake tsoma shi. A fara daga sama, tayoyi da ƙasan mota su zo ƙarshe da nasu tsumman daban. Abin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar.

Garin omo ba na mota ba ne. Yana wanke kakin da ke kare fenti, kuma ƙwayoyin da ba su narke ba suna gurzar sa. A nemi sabulun mota na ruwa da tawul mai laushi irin maikurofaiba, a manta da tsohuwar singileti. A yi wankin a inuwa jikin motar da sanyi, don ruwan burtsatse in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yana barin fararen ɗige-ɗige.

To, in zanen ya riga ya fito fa? Kada a ruga wurin mai fenti. A ja farce a hankali a kan wurin. In farcen bai maƙale ba, karcen a sama yake, folish mai laushi zai fitar da shi. Kaki ɓoye zanen kawai yake yi, bayan ’yan wanke-wanke ya dawo. Folish kuwa kankare ɗan shafin saman yake yi har ya daidaita, don haka ba abin maimaitawa ba ne duk wata. A gwada a ƙaramin wuri tukuna, a yi hattara da gefuna inda fentin ya fi siranta. Mai injin folish da ya fara da hoda mai kaushi, ko ya daɗe a wuri ɗaya, zai iya ƙona fentin. In farce ya maƙale, wannan kam aikin mai fenti ne.

Wanda ke kai motarsa wurin masu wanki, ya tafi da sosonsa da tawul ɗinsa a but, ya tsaya har ya ga an jiƙa ta sharkaf kafin a sa mata hannu.